Henrietta Lacks: Matar da Ta Yi Zubi, Wasu Suka Kwashe

A wannan fitowa ta bikin cikar shekarar ƙungiyarmu mun ware shafi guda domin tarihin wata mace da ta daɗe da barin duniya, baƙar fata 'yar Amurka mai suna Henrietta Lacks. Talaka ce, karatunta bai yi nisa ba, amma da wuya a sami gida a cikinmu da bai ci moriyarta ba.

An haife ta ran 1 ga Agusta 1920 a jihar Virginia. Tana da shekara huɗu mahaifiyarta ta rasu wajen haihuwa ta goma, sai uban ya rarraba yaran ga dangi a wani ƙauye da ake kira Clover. Ita ta faɗa hannun kakanta, a wani ɗakin katako da bayi suka taɓa zama a ciki. Nan ta tashi tana aikin gonar taba, ta bar makaranta a aji shida. A 1941 ta yi auren zumunci da David Lacks, suka koma kusa da birnin Baltimore inda ya sami aiki a masana'antar ƙarfe. 'Ya'yansu biyar. Dangi sun shaide ta da karɓar baƙi: ɗan ƙauyensu in ya zo birni neman aiki, gidanta yake sauka, tukunyarta yake ci har ya sami abin yi.

A farkon 1951, watanni kaɗan bayan haihuwar autanta, ta ji wani ƙulli a mararta, ga zubar jini ba lokacin al'ada ba. Sai ta nufi asibitin Johns Hopkins. Zamanin wariyar launin fata ne, asibitocin da ke duba baƙaƙe a yankin kaɗan ne, kuma ko a can ɗin ɗakunan kwanciyarsu daban suke. Aka gwada, aka ce sankarar bakin mahaifa ce. Ranar da aka fara yi mata magani, tana cikin barcin da aka sa ta, likitan tiyata ya yanki 'yar tsoka daga ƙarin ya aika wa wani mai bincike, Dakta George Gey. Ba wanda ya tambaye ta, ba wanda ya gaya mata.

To me ake so da tsokar? Jikin ɗan Adam haɗuwar ƙananan ƙwayoyin halitta ne waɗanda ido ba ya gani. Masu bincike sun daɗe suna neman yadda za su raya su a cikin kwalba, domin a gwada magani a kansu kafin a kai ga mutum, amma duk waɗanda aka ciro 'yan kwanaki suke yi su mutu. Na Henrietta kuwa suka ƙi mutuwa, kusan kowace rana sai yawansu ya ninka. Aka ɗauki haruffa biyu-biyu na farkon sunayenta aka raɗa musu suna HeLa.

Ita kam, Allah sarki, ciwon ya bazu a jikinta. Ta rasu ran 4 ga Oktoba 1951 tana da shekara 31, ta bar autanta bai isa yaye ba. Aka binne ta a ƙauyensu, a kabarin da ko alama ba a sa masa ba.

Ƙwayoyin nata suka ci gaba da yaɗuwa daga wannan ɗakin bincike zuwa wancan. Da su aka yi amfani wajen auna ingancin rigakafin shan inna na Jonas Salk a babban gwajin 1954. Yaƙin da aka soma a lokacin shi ne ya iso har ƙofar gidajenmu, ya kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da asalin cutar a watan Agusta 2020. An yi aiki da su a binciken sankara da ƙanjamau da korona. A cikinsu ma aka ga ƙwayar cutar HPV wadda ke haddasa irin ciwon da ya kashe ta, kuma allurar rigakafin wannan ƙwaya ce aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Nijeriya a watan Oktoba 2023.

Iyalinta fa? Sun fi shekara ashirin ba su san komai ba. A 1973 masu bincike suka zo ɗibar jinin 'ya'yanta, su kuwa yaran sun ɗauka ana duba ko sun gaji ciwon uwarsu ne, ashe wani bincike ake yi a kan HeLa. Kamfanoni na ta sayar da ƙwayoyin kwalba-kwalba, alhali wasu cikin 'ya'yanta ba su da ko inshorar lafiya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi ke nan. Gaskiya ne a 1951 babu dokar da ta tilasta neman izini, kuma Dakta Gey kyauta ya riƙa raba ƙwayoyin. Sai dai rashin doka ba ya mai da haƙƙin mutum halal.

Sai a 2010, da wata marubuciya Rebecca Skloot ta fitar da littafi a kanta, duniya ta san labarin sosai, kuma a shekarar aka kafa mata alama a maƙabartar danginta. A 2013 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta sa mutum biyu daga iyalin a kwamitin da ke duba masu neman bayanan gadon halittar HeLa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta karrama ta, babban ɗanta Lawrence ya karɓa yana tsoho tukuf. A 2023 kamfanin Thermo Fisher Scientific ya sasanta da iyalin bayan sun kai shi kotu.

'Yan'uwa, mu da muka san adashi ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ƙa'idar ai biyu ce: ba a taɓa kuɗin mace sai da saninta, kuma wadda ta yi zubi tana da ranar ɗauka. Uwar adashin da ta karya ɗaya daga ciki, ko masallaci ta gina da kuɗin, ta ci amana. Harkar lafiya ma haka take. Mun ga abin da ya biyo bayan gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, inda iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba. Shari'a ta yi shekaru, kuma zargin da abin ya bari yana cikin dalilan da suka sa mutane da yawa suka guji rigakafin shan inna daga baya, yaran da ba su san hawa ba su san sauka ba suka shanye.

Saboda haka kada wannan labari ya sa kowa ta guji asibiti. Mu je, amma mu je da bakinmu. In za a ɗebi jini ko a yanki wani abu, mu tambayi me za a yi da shi. In an miƙo takarda, a karanta mana da Hausa kafin mu dangwala. In bincike ake so mu shiga, muna da ikon cewa a'a, kuma dole a ci gaba da duba mu. Wadda ba ta iya tambaya ba, wata a cikinmu ta raka ta.

Sannan mu karɓi rabonmu. Sankarar bakin mahaifa tana jin magani idan an gano ta da wuri, don haka duk wadda ta ga jini ba lokacinsa ba kada kunya ta zaunar da ita, mazaje kuma a taimaka da izini da kuɗin mota. Mu nemi gwaji, mu kai 'yan matanmu rigakafi. Wata mai noman taba ta riga ta zuba mana tun 1951.

Allah ya ƙara mana lafiya da haɗin kai, ya maimaita mana bikin baɗi, amin.