Abdullahin Gwandu: Malamin da Ya Adana Tarihi Cikin Waƙa

An haifi Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo wajen 1766, ƙane ne kuma almajiri ga Shehu Usmanu. Da jihadi ya ɓarke a 1804, shi ya ja runduna a Tabkin Kwatto. A 1805 yana cikin jagororin da suka ci Birnin Kebbi, kafin jama'a ta sauka Gwandu.

Alƙalami ne ya bambanta shi da sauran mayaƙa. Yakan yi wa manyan gumurzu waƙa da Larabci, kuma a 1813 ya tattara waƙoƙin cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati, kowace da bayanin dalilinta. Bai tsaya kan nasarori ba. Ya rubuta kashin da aka sha a Alwasa, ya kuma soki abokan tafiyarsa waɗanda son mulki da tara dukiya suka fara ruɗa, abin da ba kowane marubucin tarihin gida ke iyawa ba. Wannan takaicin ya sa ya bar runduna da niyyar zuwa Makka, sai Kanawa suka tsayar da shi, ya rubuta musu Diya'ul Hukkami.

Ya rasu a Gwandu a 1829, inda ake ziyartar hubbarensa har yau.