Marigayiya Hajiya Gambo Sawaba

'Yan'uwa mazauna Gwarinpa, da yawanmu mun ga yadda 'yan sanda suka tarwatsa masu zanga-zangar tsadar rayuwa da barkonon tsohuwa a nan Abuja cikin watan Agustan 2024, har daga baya aka gurfanar da yara ƙanana gaban kotu, wasu suka faɗi don yunwa. Abin da ya tuna mana da wannan baiwar Allah ke nan.

An haife ta a shekarar 1933, sunanta na yanka Hajaratu, Gambo kuwa saboda ta biyo tagwaye. Mahaifinta mutumin Gana ne, ma'aikacin jirgin ƙasa, mahaifiyarta Banufiya. A Zariya ta tashi, ta yi maraici tun tana ƙarama, karatun boko ya tsaya, aka yi mata aure tana da shekara 13.

Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, ba ta daɗe ba ta shiga, ta zama shugabar mata. A zamanin nan fa mace ba ta da ƙuri'a a Arewa, balle ta hau mumbari gaban maza. Ita kuwa ta hau, ta soki auren dole da zaluncin En'e. Har Abeokuta ta je don ganin Funmilayo Ransome-Kuti.

A Kano an taɓa kama ta, tare da mata wajen 200, wai sun yi taro ba izini. Alƙali ya ɗaure su wata guda, daga baya ma aka kore ta daga garin. Wannan kalma ta rashin izini, jama'a, har yau ita ce a bakin hukuma. An ƙirga ɗaurinta sau 16. Ta sha duka a hannun 'yan doka da 'yan banga, an taɓa aske mata kai da fasasshiyar kwalba. Ko da ta fito, sai ta koma filin taro.

Sai a 1976 matan Arewa suka samu ƙuri'ar da ta sha wuya a kanta. A Jamhuriya ta Biyu ta shiga GNPP ta Waziri Ibrahim, daga baya ta janye daga siyasa, gidanta ya cika da marayu da masu neman taimako.

Ta rasu a Zariya cikin Oktoban 2001. Babban asibitin Ƙofar Gayan sunanta yake ɗauke da shi. Allah ya jiƙanta da rahama, amin.