Edward Lorenz, mai binciken yanayi

An haifi Edward Lorenz ranar 23 ga watan Mayu na shekara ta 1917, a garin West Hartford, cikin ƙasar Amurka. Tun yana yaro yake son wasa da lambobi. Yana kuma son lura da yadda gari yake sauyawa, yau rana, gobe hadari.

Da ya girma, ya karanci lissafi a kwalejin Dartmouth, sa'an nan a jami'ar Harvard. Ana nan sai yaƙin duniya na biyu ya ɓarke. Sojojin sama suna bukatar masu gaya wa matuƙan jirage yadda gari zai kasance. Aka koya wa Lorenz wannan aiki, shi kuwa bai sake rabuwa da shi ba. Bayan yaƙi ya zama malami a babbar makarantar kimiyya ta MIT.

A lokacin, masana da yawa suna zaton cewa in an sami awo mai kyau da na'ura mai ƙarfi, za a iya sanin yanayin watanni masu zuwa, kamar yadda ake sanin ranar husufin wata tun da sauran shekaru.

A shekara ta 1961, Lorenz yana aiki da wata kwamfuta mai girman teburi. Ya ba ta ƙa'idojin lissafi 12 don ta kwaikwayi tafiyar iska da zafi. Wata rana ya so ya maimaita wani lissafi. Don ya rage aiki, sai ya fara daga tsakiya, ya kwafi lambobin da na'urar ta buga a takarda. Ya fita shan kofi. Da ya dawo bayan kamar awa guda, na'urar ta lissafa yanayin wata biyu. Amma sabon sakamakon bai yi kama da na farko ba ko kaɗan!

Da fari ya yi tsammanin na'urar ce ta lalace. Sai ya zauna ya bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Ashe a cikinta tana riƙe da 0,506127, amma a takarda 0,506 kaɗai ta buga. Bambancin bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba. A farkon lissafin, sakamakon biyu suna tafiya tare. Daga nan ɗan bambancin ya riƙa ninkuwa kusan kowane kwana huɗu, har suka rabu sarai. Haka ganye biyu suke yi in aka jefa su wuri ɗaya cikin ruwa mai gudu: su tafi tare kaɗan, can sai kowane ya kama hanyarsa.

Lorenz ya gane abin da wannan yake nufi. Ba wanda zai iya auna iskar duniya duka ba tare da ɗan kuskure ba, kuma kuskuren girma yake yi. Saboda haka hasashen yanayi na kowace rana yana da iyaka, wajen mako biyu. Ya buga bincikensa a 1963, tare da taimakon Ellen Fetter wadda ta yi lissafin a na'ura. Aka yi kusan shekara goma masana kaɗan ne suka kula da shi.

A 1972 ya yi jawabi a birnin Washinton, inda ya tambaya ko kaɗa fiffiken malam-buɗe-littafi a Birazil zai iya tayar da guguwa a Teksas. Ba wai ɗan ƙwaron ne yake da ƙarfin guguwa ba. Nufinsa, ƙaramin abu yana iya sauya hanyar da yanayi zai bi. Daga nan wannan ilimi, da ake kira ilimin hargitsi, ya bazu cikin fannoni da dama.

Masu hasashe ma suka sake dabara. Tun 1992 manyan cibiyoyi suke maimaita lissafi sau da yawa, kowane da ɗan bambanci. In yawancin sakamakon sun nuna ruwa, sai su ce da alamar ruwa sosai. In sun saɓa wa juna, sai su yi taka-tsantsan.

An ba Lorenz kyautar Kiyoto ta ƙasar Japan a 1991. Mutum ne mai kunya, marar yawan magana, mai son hawan duwatsu da ƙafa. Ya rasu ranar 16 ga watan Afrilu na 2008, yana da shekara 90.