William Herschel, Makaɗin Da Ya Koyi Daidaita Madubi

A zangon da ya wuce, sa'ad da na ke koyon koyarwa a aji huɗu, baki ya ɗebe ni na yi wa yara alkawari zan nuna musu Zuhalu da zobensa. Na ari tabaron hangen nesa na kwalejinmu wurin malamin kimiyya. Da na ga ƙura a kan madubinsa, sai na ce bari in gwada gwaninta, na kwance shi, na goge, na mayar. Dare ya yi, yara suka yi layi. Na leƙa, sai na ga ko wane tauraro ya yi wutsiya, kamar an ɗiga alli a kan allo an shafa da yatsa. Zuhalu kuwa wani dunƙule ne kurum. Haka yaran nan suka koma gida ba su ga kome ba, ni kuwa kunya ta hana ni barci.

Da safe na tafi na faɗa wa malam gaskiya. Ya ce ban fasa kome ba, madubai biyu ne suka daina duban juna. Ya miƙo mini tarihin wani mutum wai shi William Herschel, ya ce in karanta kafin in sāke taɓa sukuru. Labarinsa na ke so in ba ku, 'yan'uwana ɗalibai.

Amma bari in fara bayyana yadda tabaron ya ke. Isaac Newton ya ƙago irinsa a 1668. Dogon bututu ne mai buɗaɗɗen baki. A gindinsa akwai babban madubi mai ɗan zurfi kamar tasa, shi ke tattara hasken tauraro ya komo da shi sama. Kusa da baki akwai ƙaramin madubi shimfiɗaɗɗe, a karkace, shi kuma ya tare hasken ya juya shi gefe, inda a ke sa ido a ɗan gilashi. In madubin nan biyu suka saɓa, ko kaɗan ne, to, abin da ya same ni shi zai same ka.

An haifi Herschel a birnin Hanoba, ƙasar Jamus, ran 15 ga Nuwamba, 1738. Ubansa mabushi ne cikin makaɗan soja, yana busa wata irin algaita ta Turawa, shi ma yaron ya bi sana'ar gidansu. A 1757 sojan Faransa suka ci na Hanoba da yaƙi, sai ya ƙetare zuwa Ingila, ba shi da kome sai kiɗa. Ya yi ta juyar waƙoƙi da hannu a biya shi, yana koyarwa gari gari, har a 1766 ya sami aikin kaɗa ogan a wata majami'a a garin Bath. Nan ya yi suna, almajirai suka yi masa yawa.

Kiɗan ne ya kai shi ga taurari. Ya karanta littafin wani shaihun malami na Kambirij, Robert Smith, a kan lissafin muryoyin kiɗa. Daɗin da ya ji ya sa ya nemi wani littafin mutumin, wanda ya ke magana a kan haske da yadda a ke yin madubin hangen nesa. A 1773, yana da shekara 34, ya yi hayar wani ɗan tabarau, ya ga bai ishe shi ba. Babba kuwa ya fi ƙarfin aljihunsa. Sai ya sayi kayan aikin wani mutumin Bath wanda ya gwada yin madubi ya gaji, ya ce shi zai yi da kansa. Gemu dai ba ya hana ilmi.

A zamanin nan da ƙarfe a ke yin waɗannan madubai, watau jan ƙarfe kamar kashi biyu, kuza kashi ɗaya. A narka, a zuba, a goge da hannu har ya yi zurfin da a ke so, ya yi ƙyalli. Ƙarfen yana da saurin fashewa, ga shi ya kan dushe, sai an sāke gogewa. Ƙanwarsa Caroline, wadda ya ɗauko daga Hanoba a 1772 don ta yi waƙa, ta wayi gari ta ga ɗakunan gidan sun zama maƙera. Ya taɓa yin sa'a 16 bai ɗauke hannu daga madubi ba, ita ce ta riƙa sa masa abinci a baki. Wani lokaci kuma ta kan zauna tana karanta masa Dare Dubu Da Ɗaya yana guga.

Inda labarin ya shiga raina shi ne nan. Tabaron da ya fara haɗawa irin na James Gregory ne, wanda madubansa duka biyu masu zurfi ne, babban kuma da huji a tsakiya. Ya gama guga, amma daidaita su ya ba shi wuya ƙwarai. Ashe mutumin da duniya ta sani yau shi ma ya tsaya gaban bututu ya rasa inda zai taɓa! Bai yi girman kai ba, ya koma ga irin na Newton wanda ya fi sauƙi. A watan Maris, 1774, ya buɗe littafin da ya ke rubuta abin da ya gani, cikin abubuwan farko kuwa har da zoben Zuhalu. Kafin 1795 ya yi madubi fiye da 400. Ra'ayinsa shi ne, gani ma sana'a ce da a ke koyo, kamar yadda a ke koyon kiɗa.

Amfanin wahalar nan ya fito daren 13 ga Maris, 1781. Yana bayan gidansa a Bath da tabarau mai tsawon ƙafa 7, madubinsa inci 6 da 'yan kai, yana bin taurari ɗaya ɗaya, sai ya ga wani ya ɗan fi saura kauri. Tauraro na sosai, saboda nisansa, ɗigo ne kome ƙarfin gilashi. Da ni ne, sai in ce madubi ne ya saɓa. Shi kuwa ya san kayansa sarai, ya san yadda tauraro ke fita a ciki. Ya canja gilashi daga mai ƙara girma sau 227 zuwa 460, sa'an nan 932. Abin ya yi ta girma, taurarin da ke kusa da shi ba su bi shi ba. Bayan 'yan kwanaki ya ga ya gusa.

Ya zaci tauraro mai wutsiya ne, haka ma ya ba da labari. Sai da masana lissafi suka bi hanyarsa suka tabbata duniya ce mai kewaya rana, nisanta daga rana kamar ninki biyu na Zuhalu. Ita ce a ke kira Yuranus, ta kan yi shekara 84 kafin ta gama zagaye ɗaya. Tun zamanin da, duniyoyi biyar mutane suka sani a sama, ba wanda ya ƙara ko ɗaya sai makaɗin nan. Abin mamaki, waɗansu sun riga shi ganinta. John Flamsteed, mai duban taurari na Sarkin Ingila, ya rubuta ta a 1690 cikin jerin taurari, bai gane ba.

A 1782 Sarki Joji na Uku ya yanka masa fam 200 a shekara, ya bar kiɗa ya kama duban sama. Bai daina gwaji da madubi ba. Da ya lura ƙaramin madubi yana cinye haske, sai ya cire shi daga tabaronsa mai ƙafa 20, ya ɗan karkata babban, ya riƙa leƙawa daga bakin bututu. Da wannan dabara ya ga watanni biyu na Yuranus a 1787. A 1789 ya gama wani mai ƙafa 40 a garin Slough, faɗin madubinsa inci 48, a shekarar kuma ya gano watanni biyu na Zuhalu. A 1800 ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, ya sa ma'aunin zafi gaba da jan launi inda ido ba ya ganin kome, ya ga zafi ya hau. Nan aka san akwai hasken da ba a gani.

Caroline ce ke zaune cikin sanyin dare tana rubuta abin da ya ke faɗa, ita kanta kuma ta gano taurari masu wutsiya 8. Herschel ya rasu ran 25 ga Agusta, 1822, yana da shekara 83. Ɗansa John ya gāji aikin, har ya zo Afirka ta Kudu a 1834 don ya dubi taurarin kudu.

Da na gama karatu na koma wurin malam, ya nuna mini hanya. Da rana a ke farawa, a juya bututu wajen farin bango, kada a kuskura a nufi rana da shi. A cire gilashin ido, a sa murfi mai ɗan huji a tsakiya. A fara da ƙaramin madubi, a juya shi har a ga babban dukansa a ciki. Sa'an nan a koma ga sukurori uku da ke bayan babban madubi, a murɗa ɗaya kaɗan, a leƙa, har hoton ƙaramin madubin da na hujin su zauna daidai tsakiya. Kuskurena na fari, na riƙa murɗa duka uku tare, ban san wanda ya gyara da wanda ya ɓata ba. Da dare kuma a nufi tauraro, a ɗan kauda gilashi daga daidai. In ya fito zobe cikin zobe, kamar an yanka albasa, aiki ya yi. In zobban sun taru gefe guda, da saura.

Kwana uku na yi ina fama, wani abokina yana murɗawa ina leƙawa. A dare na huɗu na kira yarana. Wanda ya fara sa ido ya yi shiru, sa'an nan ya zaga ya leƙa bakin bututu, wai ko na liƙa hoto a ciki.

'Yan'uwa, ba da jimawa ba za a watsa mu makarantu, inda ba mai gyara mana kayan aiki sai mu. Ni dai na ɗauki abu biyu daga mutumin nan. Kada in tara yara a kan abin da ban gwada da kaina ba tukuna. In kuwa yaro ya kasa gane darasi, in fara duban yadda na jera shi kafin in ce kansa ne ba kyau. Allah ya ba mu haƙuri irin na Herschel da ƙanwarsa, amin.