Shehu Muhammadu Alkashinawi: Malamin Katsina da ya rasu a gidan mai masaukinsa a Alƙahira

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzonsa, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Duk wanda ya zauna a Kongo, a Tudun Wadan Zariya, ya san yadda unguwar take cika da baƙi a farkon kowane zangon karatu. Ɗalibai kan taho sashen Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan, inda ake koyar da shari'a da harkokin mulki, daga Borno da Sakkwato da Ilori da wuraren da suka fi waɗannan nisa. Da yawansu kafin su sami ɗaki a gidan wani suke kwana, ko kawu, ko abokin uba, ko wanda aka haɗa su da shi ta waya kawai. Mu ma namu 'ya'yan suna can Alƙahira da Madina a hannun mutanen da ba mu taɓa gani ba. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihin wani malamin ƙasar Hausa wanda ya bar gida kusan shekara 300 da suka wuce, ya yi ta sauka a gidajen mutane har ajali ya riske shi a gidan wanda ya sauke shi. Shi ne Shehu Muhammadu ɗan Muhammadu Bafulatani, wanda Larabawa suka sani da Alkashinawi, wato Bakatsine.

Asalinsa da karatunsa

Ana danganta Shehu Muhammadu da Ɗan Ranko, wani tsohon gari a kudancin ƙasar Katsina, a kan hanyar fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Ya tashi a lokacin da Katsina take cikin manyan cibiyoyin ilimi da ciniki na ƙasar Sudan, bayan zamanin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Yaron da ya girma a garin fatake ba ya rasa jin labarin ƙasashe masu nisa, kuma tun yana ƙarami yake ganin yadda fatoma ke karɓar baƙi, ya ajiye musu kaya, ya tsaya musu a ciniki.

Mafi yawan abin da ya iso gare mu na rayuwarsa ya zo ne ta hannun masanin tarihin Masar, Abdurrahman Aljabarti, a littafinsa Aja'ibul Asar. Ya ambaci malamansa huɗu na ƙasar Sudan: Shehu Muhammadu ɗan Sulaimanu na Bagarmi, wanda aka fi sani da Alwali, da Shehu Muhammadu Bindu, da Shehu Hashimu, da Shehu Muhammadu Fodu. A wurin na ƙarshen ya yi kimanin shekara huɗu, yana tare da shi a gida, yana binsa in ya yi tafiya. A nan ya ƙware a nahawu da sarfu da adabi. Saboda yadda ya haddace Maƙamat, malamin ya fara kiransa da mai Maƙamat, da ya ga ya nuna a nahawu kuma sai ya koma kiransa da Sibawaihi, sunan babban limamin nahawun Larabci. A wurin Shehu Bindu ya karanci lissafi da ilimin sanin lokuta da ilimin hatimi bisa tsarin malaman Magrib.

Abin lura shi ne duk wannan karatu a nan ƙasashenmu ya yi shi, tun kafin a haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Da ya isa Gabas, da iliminsa ya isa.

Hanyar hajji

Da ya ƙuduri niyyar sauke farali sai ya nemi izinin malaminsa, sannan ya kama hanya. A wancan zamani tafiyar hajji daga ƙasar Hausa takan ci shekaru. Wasu kan bi ayarin raƙuma su ratsa Sahara ta Fezzan su faɗa Masar, wasu kuma su yi gabas ta Borno da Bagarmi da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya. Kowace hanya aka bi akwai ƙishirwa da cuta da 'yan fashi, kuma mai tafiya yakan yi sallama da iyalinsa sallamar wanda ba shi da tabbacin dawowa. Guzuri ba ya kai mutum ƙarshen irin wannan tafiya. Abin da ke kai shi shi ne ƙofofin da ake buɗe masa a hanya, da sana'ar hannunsa ko karatun da zai koyar ya sami abin ci gaba.

Shehu Muhammadu ya ratsa masarautu da dama, ya gana da sarakunansu da malamansu. A wani zango ya yi wata biyar cur a wurin wani malami yana karatu, ya kuma ƙara da littattafan lissafi, kafin ya ci gaba. Ya rubuta littafi a kan abubuwan da ya gamu da su a wannan tafiya. A shekara ta 1142 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1730, ya yi aikin hajji, ya kuma zauna a Makka maƙwabcin Ɗakin Allah na wani lokaci. A can ya fara rubuta babban littafinsa Addurrul Manzum, wanda ya kammala a Alƙahira a watan Rajab na 1146, wato ƙarshen 1733.

Gidan Shehu Hasan Aljabarti

Alƙahira a lokacin tana ƙarƙashin Daular Usmaniyya, kuma masallacin Azhar yana da zauruka na kwanan ɗalibai da ake kira riwaƙi, kowace al'umma da nata: na mutanen Magrib, na Sham, na Turkawa, na Borno, na Jabarti. Mutanen ƙasashenmu ba baƙin birnin ba ne, domin tun ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka sa aka gina makarantar Ibn Rashiƙ don ɗalibansu da alhazansu. Shehu Muhammadu ya fara zama a wani lungu mai suna Darbul Atrak, kusa da Azhar. A nan ne wani malami ya riƙa zuwa ɗaukar karatu a wurinsa, wato Shehu Hasan Aljabarti, mahaifin marubucin tarihin da muka ambata.

Shehu Hasan, wanda aka haifa a 1698 ya rasu a 1774, yana cikin manyan malaman Masar na zamaninsa a fiƙihun Hanafiyya da ilimin falaki da lissafi. Shi ma jikan baƙi ne, domin kakanninsa daga ƙasar Jabarti suka zo, a yankin Zaila da ke Gabashin Afirka, suka riƙe shugabancin riwaƙin mutanensu a Azhar. Allah Ya hore masa dukiya da gidaje da tarin littattafai, kuma ya shahara da son baƙo. Idan ɗalibi ya zo masa, musamman wanda ya fito daga nesa, yakan yi murna, wani lokaci ya ce ya zauna a gidansa ya zama ɗaya daga cikin iyalinsa. Ɗansa ya ba da labarin cewa akwai wanda ya yi shekara 20 a gidan ba tare da ya kashe ko anini a kan ci ko wankin tufafi ba.

Wannan mutum ne ya zauna gaban malamin Katsina yana karanta ilimin hatimi da hanyoyin lissafinsa. Daga baya ya sauke shi a gidansa, shi da matarsa da masu yi masa hidima. Mai gida Bahanafe ne, baƙo Bamalike, ɗaya ɗan birni mai faɗa a ji, ɗaya mutumin Sudan da ya zo daga bayan Sahara, amma hakan bai hana mai gida zama almajirin baƙonsa ba. A cikin wannan gida Shehu Muhammadu ya sami natsuwar da ya kammala mafi yawan rubuce-rubucensa.

Littattafansa

Ya rubuta Bulugul Arab a nahawu, da Minahul Ƙuddus, waƙe a ilimin manɗiƙi, tare da sharhinsa Izalatul Ubus. Wanda ya fi jan hankalin masana lissafi na wannan zamani shi ne Bahjatul Afaƙ, wanda ya kammala a 1145 bayan Hijira, a kan ilimin haruffa da hatimi. Hatimi a fuskar lissafi shi ne a jera lambobi a cikin gidaje ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Idan gidajen uku-uku ne, aka zuba 1 zuwa 9, kowane layi 15 zai bayar. Idan biyar-biyar ne, aka zuba 1 zuwa 25, jimlar 65 ce. Shehu Muhammadu ya bayyana ƙa'idojin da za a bi a cika hatimi mai gidaje mara, komai girmansa, ba da lalube ba. Saboda haka ne sunansa ya shiga littattafan tarihin lissafi a Afirka, kamar wanda Claudia Zaslavsky ta wallafa a Amurka a 1973.

Wajibi ne mu faɗi gaskiya a kan ɗaya ɓangaren. Addurrul Manzum littafi ne a kan ɗalasimai da taurari, kuma manyan malaman Musulunci, na da da na yanzu, sun yi gargaɗi mai tsanani a kan waɗannan fannoni, domin sanin gaibu na Allah ne Shi kaɗai. Ba mu kawo tarihinsa don mu kira kowa zuwa gare su ba. Mun ɗauki abin da yake tsantsar ilimi na nahawu da manɗiƙi da lissafi, mun bar abin da shari'a ta hana, muna roƙa masa gafarar Ubangiji kamar yadda muke roƙa wa kanmu.

Rasuwarsa

A shekara ta 1154 bayan Hijira, wato 1741, Allah Ya karɓi ransa a gidan Shehu Hasan, nesa da Katsina da danginsa. Kafin ya cika ya naɗa mai masaukinsa wasiyyi a kan dukiyarsa da littattafansa. Shehu Hasan ya tsaya a kan jana'izarsa, ya binne shi a Bustanul Ulama, a maƙabartar Mujawirin inda ake binne malaman Azhar, ya sa aka rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa a kan kabarin.

Kimanin shekara 13 bayan haka aka haifa wa Shehu Hasan ɗa, Abdurrahman. Yaron bai taɓa ganin baƙon ba, amma ya tashi a gidan da ba a manta da shi ba. Da ya girma ya zama babban masanin tarihin Masar, sai ya rubuta tarihin malamin Katsina a cikin jerin manyan malamai, da sunayen malamansa da littattafansa da inda aka binne shi. Ta nan labarin ya dawo mana gida. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, kuma a nan ya liƙe wa ɓangarorin biyu: baƙo ya sami mai kiyaye sunansa, mai gida ya sami ilimi da kyakkyawan ambato.

Abin da ya rage gare mu

Sunna ta koyar da cewa liyafar baƙo kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ne, kuma ta hana baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai gida. Alƙur'ani ya sa matafiyin da guzuri ya yanke masa cikin mutum takwas masu cin zakka. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kansa ya sauka a gidan Abu Ayyubal Ansari lokacin da ya isa Madina. Tarihin waɗannan malamai biyu ya nuna mana yadda ake aiki da wannan koyarwa.

Ga masu gidaje a Kongo da Tudun Wada da sauran unguwanninmu, yaron da ya ƙwanƙwasa ƙofa da jaka a hannu amana ce daga iyayensa, kuma babu wanda ya san abin da Allah zai mai da shi gobe. Zamani ya yi tsada, kowa yana ji a jikinsa, amma tabarma da kwanon tuwo na kwana kaɗan kafin ya sami ɗaki ba su fi ƙarfin yawancinmu ba.

Ga ɗalibai da masu ziyara kuma, Shehu Muhammadu bai zauna a gidan mutane hannu rabbana ba. Ya nemi izini kafin ya fita, ya tafi da abin da zai amfanar, ya koyar da mai gidansa, ya cika lokacinsa da aiki. Wanda aka sauke ya kiyaye sirrin gida, ya rage wa masu gida nauyi, ya koya wa yaransu abin da ya iya, kada ya mai da karamci hakki.

Sai batun wasiyya, wanda yawancinmu muke sakaci da shi. Babu ran da ya san ƙasar da zai mutu a cikinta, kamar yadda ƙarshen Suratu Luƙman ya karantar da mu. Alhazai da 'yan kasuwa da ɗalibanmu da yawa sun rasu a ƙasashen waje aka rasa sanin abin da suka bari, da wanda suke bi, da wanda yake binsu. Duk mai niyyar doguwar tafiya ya rubuta abin da ke kansa da abin da yake nasa, ya sanar da amintacce a gida da amintacce a masauki.

Allah Ya jiƙan Shehu Muhammadu Alkashinawi da Shehu Hasan Aljabarti, Ya gafarta musu kurakuransu. Ya tsare matafiyanmu, Ya haɗa su da masu masauki na ƙwarai, Ya dawo mana da su lafiya. Amin.