Babban Gwani Muhammadu Durugu: maginin da ya ɗaure rufin Masallacin Juma'a na Zariya

Wanda ya shiga Masallacin Juma'a na birnin Zariya, daura da fadar Sarkin Zazzau, da ginin siminti zai fara cin karo. Sai ya ƙara kutsawa ciki zai tarar da tsohon masallacin ƙasa, wanda aka lulluɓe da sabon gini a shekarun 1970. Ginshiƙansa masu kauri suna nan, bakan gizo na tashi daga jikinsu yana haɗuwa a sama. Wanda ya ɗaure wannan rufi shi ne Muhammadu Durugu, wanda wasu littattafai ke kira Malam Mika'ilu, jama'a kuwa suka fi saninsa da sarautarsa ta Babban Gwani.

Ya yi tashe ne a ƙarni na 19, bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, lokacin da sababbin sarakuna ke neman masallatai da fadoji da za su dace da sabuwar daula. A Zazzau, bayan Malam Musa da Yamusa, sarauta ta faɗa hannun Abdulkarimu na gidan Katsinawa, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. A zamaninsa aka ɗora wa Durugu aikin masallacin. Ba ɗakin salla kaɗai ya gina ba. Ya kewaye harabar da katanga, ya yi zauruka na shiga, ya kuma haɗa da ɗakin shari'a a jikin ginin, ta yadda salla da hukunci suka zauna wuri guda.

Gwanintarsa ba za ta fito ba sai an san abin da yake fama da shi. Kayan aikinsa tubali ne na ƙasa da aka mulmula da hannu aka shanya a rana, da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, da azara da ake faskarowa daga giginya. Azara na da ƙarfi, gara ba ta cika cin ta ba, amma tana da iyaka: in an gitta ta a tazarar da ta wuce kamar ƙafa shida aka ɗora mata nauyin ƙasa, sai ta fara lanƙwasa. Shi ya sa ɗakin talaka ya kasance ƙarami. Mai son zaure mai faɗi dole ya nemi dabara, dabarar kuwa ita ce bakan gizo. Magini zai kafa azara cikin bango ko ginshiƙi, ya ɗaure wata a kanta ta ɗan zarce gaba, ya bi da ƙasa, ya jira ta bushe, sannan ya ƙara wata. Haka ƙafar bakan za ta riƙa miƙowa daga kowane gefe har su gamu a tsakiya. Gaggawa ba ta da wuri a nan, domin ƙasar da ba ta bushe ba za ta ja aikin duka ƙasa.

Magina da yawa sun iya wannan a ɗaki ɗaya. Abin da Durugu ya yi shi ne ya jera shi a babban fili, ya ɗora tulluwa shida a kan ginshiƙai goma sha shida, ya raba nauyin ta yadda kowane baka ke tallafar maƙwabcinsa. Bai bar ginshiƙan fayau ba, ya ƙawata su da zane mai zurfi na layuka da kusurwoyi da da'irori, wanda ke fitowa sosai in ɗan haske ya faɗo masa daga gefe. Babu surar mutum ko ta dabba, kamar yadda addini ya tanada.

Sunansa ya wuce Zazzau. A Kafin Madaki da ke ƙasar Bauchi, shi ake danganta wa gidan Madaki da aka gina wajen 1860, wanda a 1956 ya shiga sahun farko na gine-ginen da gwamnati ta ayyana a matsayin kayan tarihi na ƙasa. A birnin Zariya kuwa har yau akwai unguwar da ake kira Babban Gwani.

Labarin ƙarshensa a bakin mutane ya zo. Ana cewa Sarkin Birnin Gwari ya gayyace shi ya gina masa masallaci, da aikin ya kammala sarki ya ga kyansa, sai ya sa aka kashe shi don kada ya je ya yi wa wani wanda ya fi shi. Irin wannan labari kan bi manyan gwanaye a ƙasashe da dama. A Girka, Fidiyas wanda ya jagoranci aikin sassaƙa a haikalin Fartinon na birnin Atina, da aka gina tsakanin 447 da 432 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an tuhume shi da cin zinariyar aikin, kuma wata ruwaya ta ce a kurkuku ya mutu.

Sai dai ƙaddarar aikin mutanen biyu ta sha bamban. Fartinon da dutsen marmara aka yi shi. Ya zama coci, ya zama masallaci a zamanin Turkawa, albarushin da aka ajiye a ciki ya tarwatsa shi a 1687, an kwashi sassaƙe-sassaƙensa zuwa Landan, duk da haka ginshiƙansa na tsaye. Dutse na jure sakaci na ɗaruruwan shekaru. Ginin ƙasa ba ya jure na damina biyar. Rayuwarsa na ga yaɓen da ake sabuntawa, da makuba da laso da ke tare ruwa, da indararo da ake gyarawa kafin hadari ya haɗo. In aka rasa maginin da ya san waɗannan, gini ya fara komawa inda ya fito. Rufin simintin da aka yi wa masallacin Zariya ya kare abin da ya rage daga ruwa, amma a garin yin sa an rasa wani sashe na tsohon ginin da kamanninsa na waje, hasarar da ba a iya mayarwa.

Cikakkiyar siffarsa ta tsira ne ta hannun Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, wanda ya auna masallacin ya zana shi kafin a taɓa shi. Da waɗannan zane-zane aka gina kwafinsa da ƙasa a gidan adana gine-ginen gargajiya na Jos, wanda ke ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, hukumar tarayya da aka kafa a 1979. Dmochowski ya rasu a 1982, littattafansa uku suka fito a 1990. Kwafin na Jos shi ma ƙasa ne, kuma ruwan saman Filato ya fi na Zariya yawa.