George Lawrence, mai hoton da ya aika kyamara sama a kan igiya

Ranar 28 ga Mayun 1906, kwana arba'in bayan girgizar ƙasa da gobara sun cinye mafi yawan birnin San Francisco na Amurka, wani mai ɗaukar hoto daga Chicago ya tsaya yana sakin waya sama. A jikin wayar akwai jerin jiragen igiya, manyan yayun irin waɗanda yara ke haɗawa da leda da tsinke, a ƙarƙashinsu kuma kyamara ce mai nauyin kilo 22 take lilo. Sunan mutumin George R. Lawrence.

An haife shi a 1868 a garin Ottawa na jihar Illinois. Ya fara neman abinci a masana'antar keken doki a Chicago, sannan ya buɗe shagon hoto a 1891. Mutum ne da hannunsa ba ya zama. Ya inganta hodar da ake kunnawa ta haska ɗaki, har ya riƙa ɗaukar manyan taruka da dare. A 1900 kamfanin jirgin ƙasa na Chicago and Alton ya nemi hoton sabon jirginsa tun daga kai har wutsiya a faranti guda, sai Lawrence ya ƙera kyamarar da ta fi kowace girma a duniya a lokacin: nauyinta ya haura kilo 600, ƙarti 15 ke sarrafa ta.

Faɗuwa ce ta kai shi ga jirgin igiya. A 1901 yana ɗaukar mayankar Chicago daga cikin balan-balan sai kejin da yake ciki ya rabu da ita, ya rikito daga tsayin da ya wuce ƙafa 200. Wayoyin tarho ne suka tare shi, ya tashi da ransa. Daga baya ya gwammace kyamara ta hau, shi ya tsaya a ƙasa.

A nan ainihin gwanintarsa take. Mai hoto na yau yakan ɗauki abu ɗaya sau uku ko biyar, wani da haske kaɗan, wani da yawa, ya koma gida ya zaɓa ko ya haɗa su a kwamfuta. Lawrence ba shi da wannan gata. Idonsa ba ya ganin abin da kyamarar ke kallo, don haka tilas ya yanke yawan haske da inda za ta fuskanta tun tana ƙasa. Ya sanya mata dogayen sanduna da darma mai reto don ta daina juyawa, yana buɗe idonta da wutar batir da ke bin wayar. Idan hoton ya ɗauku, wata 'yar lema ce ke faɗowa ta ba shi labari.

Hoton San Francisco ya fito da faɗi, daga tashar jiragen ruwa har inda rana ke faɗuwa, tituna a shimfiɗe tsakanin kangaye. A jikinsa an rubuta cewa daga tsayin ƙafa 2,000 aka ɗauke shi. Ya zo ne a lokacin da manyan birnin ke ƙoƙarin rage wa bala'in kaifi don kada masu jari su gudu. Alƙaluman farko na mamata ba su kai 500 ba, alhali binciken baya ya kai su sama da 3,000. Ba tonon silili ne ya kai Lawrence can ba, kasuwa ce. Ya sayar da kowane kwafi dala 125, ya tara kimanin dala 15,000. Duk da haka hoton ya zama shaidar da ba ta karɓar gyara.

A 1909 ya bi ayarin attajiri William Boyce zuwa Gabashin Afirka don ɗaukar namun daji daga sama, tafiyar ba ta yi albarka ba. Ba da jimawa ba ya ajiye kyamara ya koma zanen jiragen sama. Ya rasu a Chicago a watan Disambar 1938, yana da shekara 70.